Yadda Wani Kamfanin Juya Jari Ya Taimaki Jama'a

Jawabin yau a kan kamfanin juya jari ne, watau kamfanin da mutane ke ba shi kuɗinsu, shi kuwa ya sayi hannun jari da su a masana'antu dabam dabam, in riba ta zo a raba. Yawancin irin waɗannan kamfanoni riba kaɗai suke dubawa. Akwai kuwa waɗansu da ke tambaya tukuna ko sana'ar da za a zuba kuɗin a cikinta tana cutar jama'a. Misalinsu shi ne kamfanin Calvert na ƙasar Amurka.

Mutum biyu ne suka kafa shi cikin 1976, Wayne Silby da John Guffey. Cikin 1982 suka buɗe wani asusu mai sharaɗi. Ba a sa kuɗinsa cikin sana'ar taba, ko ta makamai, ko caca. Har wa yau suka ƙi zuba jari a kamfanonin da ke ciniki da Afirka ta Kudu, domin a lokacin nan Turawan ƙasar suna mulkin wariyar launin fata, wanda bai ƙare ba sai 1994.

To, guje wa ɓarna mataki ne na farko, saura taimako. Saboda haka cikin 1988 aka kafa wata gidauniya mai suna Calvert Foundation, mai zaman kanta, ba ta neman riba. Cikin 1990 kuma aka yarda a keɓe har kashi 1 cikin 100 na dukiyar asusun nan, a ba da shi rance mai sauƙi ga ayyukan taimakon talakawa. Cikin 1995 gidauniyar ta fito da wata takardar rance wadda kowa ke iya saya.

Ga yadda abin ke tafiya. Mutum ya sayi takardar na ajali sananne. Gidauniya ta tara kuɗin, sa'an nan ta ranta wa ƙungiyoyin da ke zaune cikin jama'a, waɗanda suka san mutanen wurin: masu gina gidaje masu araha, da masu ba ƙananan 'yan kasuwa jari, da jam'iyyun manoma. In sun biya, a mayar wa mai takarda kuɗinsa, a kuma ranta wa waɗansu. Kyauta sau ɗaya ake cinta ta ƙare, amma kuɗin da ke komowa yakan yi aiki sau da yawa. Sai dai a lura, takardar nan tana da kuɗin ruwa, ko da yake kaɗan ne, kuma in masu rance suka kasa biya, mai takarda yana iya yin hasara.

Kamfanin ya sake hannu daga baya. Eaton Vance ya saye shi cikin 2016, Morgan Stanley kuma ya sayi Eaton Vance cikin 2021. Gidauniyar ba ta shiga cinikin ba, da yake dabam take. Cikin 2017 ta sake suna zuwa Calvert Impact Capital.

Abin da ya kamata hakimi da magatakardansa su riƙe shi ne wannan. Duk kamfanin da ya zo gunduma da alkawarin taimako, a tambaye shi ko kyauta ce ko rance, a hannun wa kuɗin zai bi, kuma wa zai duba littafin lissafi kowace shekara. A rubuta amsar, a ajiye a ofis. Idan ba a yi haka ba, talaka na iya karɓar bashi yana tsammani sadaka ce, ranar biya kuwa ƙofar hakimi za a kawo ƙara.

Iyakar jawabin ke nan. Allah ya ba mu zaman lafiya.