Jawabi bisa dashen lalle cikin garake

 

Maganar da ta tara mu yau maganar shinge ce. Kowace shekara in kaka ta wuce, sai mu ɗauki gatari mu shiga daji mu saro ƙaya, mu kewaye garakenmu. Kafin damana ta kewayo gara ta ci rabi, mata sun hura wuta da sauran, mu koma daji kuma. Tsofaffinmu sun ga abin da farin 1973 da na 1984 sunka yi ma ƙasar nan. Taron da anka yi a Maraɗi cikin watan Mayu na 1984 bisa yaƙi da hamada, abin da ya ja hankali kansa ke nan: itace shina ƙarewa, mu ne kuwa masu sara. Shi ya sa muke son mu yi shinge mai rai, kuma itacen da munka zaɓa shi ne lalle.

Wani zai ce lalle ai na mata ne. Gaskiya ne, mata sun fi mu saninsa. Amma ku duba tsohon gindin lalle a bayan gida: ba mai ba shi ruwa, rani ya zo ya kakkaɓe ganye kamar ya mutu, ruwan fari na sauka ya tsiro kore shar. In an bar shi yakan fi mutum tsawo nesa, in ya tsufa bakin rassansa ya yi tsini kamar ƙaya. Furensa ƙanana ne, farare, cunkus a kan reshe, ƙamshinsu kuwa da maraice har maƙwabta. Zuma na son shi.

Akwai wanda ya kawo shawarar mu dasa kariya, don ita ma ba ta jin fari, kuma tana fure ja tsakiyar rani. Kyau kam tana da shi. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba ke shafe kibiya a da. Inda yara da bisashe ke kai da komowa, ba mu yarda ba.

Ga yadda ake dashen. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta reshe. A sami reshen da ya ƙosa, kaurin alƙalami, a yanka shi tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, a zage ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin ƙasa mai laima. A kula kada a juya shi kai ƙasa. Mun ga wanda ya yi haka ya zauna jiran banza. Tsakanin reshe da reshe a bar kamu ɗaya, don su haɗe su toshe hanya. Lokacinsa shi ne in damana ta zauna sosai, watan Yuli zuwa farkon Agusta, ya dace ma da ranar 3 ga Agusta da ƙasa duka ke dashen itace. Mai son shuka ƴaƴa sai ya jiƙa su kwana da yawa, shina canza ruwan kullum, don ɓawonsu tauri gare shi. Wannan hanya tana da jinkiri.

Yanzu ga inda aikin yake. Lalle babba ne ke jure ma fari, ƙarami ba ya jurewa. Ranin farko dole a ba shi ruwa, ko sau biyu a mako, kuma dole tsohon shingen ƙaya ya tsaya har ya kama, in ba haka ba awaki su gama da shi cikin yini guda. Wanda ya san ba zai iya wannan wahala ta shekara ɗaya ba, kada ya karɓi reshe ya ɓata muna. Kuma bisa jigawa mai rairayi tsantsa ba ya yin ganye da yawa. Ya fi son gefen fadama ko kusa da rijiya inda ruwan guga ke zuba. A ƙara masa ɗan taki.

Daga shekara ta biyu ana iya yanka. A shanya rassan a inuwa, don rana na ƙone launin ganyen ya faɗi daraja a kasuwa, sannan a kakkaɓe a daka. Wanda ake yanka kullum ba ya samun fure sosai, saboda haka a bar gindi biyu ko uku bakin ƙofar garka don ƙamshi da iri.

Uwayenmu mata, kalma ɗaya gare ku. Baƙin lallen nan na kanti da ke kamawa nan take, sau da yawa maganin rinin gashi ne anka zuba ciki, shina ƙone fata har ya bar tabo. Kuma likitoci sun hana sa ma jariri lalle, ko namu na gida, don akwai yaran da yake lalata ma jini.

Masu tsofaffin gindi sun yarda su ba da rassa kyauta. Wanda ke so ya ba magatakardan ƙungiya sunansa da tsawon shingensa kafin kasuwa mai zuwa, don mu san yawan da za a yanka.