Iyaye, Ku Ma Kuna Iya Taimaka Wa Yara Da Aikin Gida

Wannan shi ne jawabin da wani malamin sakandare ya yi wa iyaye a ajin yaƙi da jahilci, bayan sun koka cewa yara na kawo aikin gida na lissafi da kimiyya wanda ya fi ƙarfinsu.

Malam ya ce abin bai kai yadda ake tsoro ba, domin duk wanda ya taɓa gina rumbu ya riga ya shiga lissafin auna ciki. A ɗauki rumbu mai siffar gwangwani, faɗinsa mita 2, tsawonsa mita 2. Rabin faɗin mita 1 ne. A ninka shi da kansa, a ninka da 22/7, sannan da tsawon. Amsa ta ɗan haura mita shida na ciki, wato kusan lita 6,300. Rumbu mai tumbi irin na tulu kam lissafinsa daban ne.

Sai ya tambaya: idan ana son rumbu ya ƙara cin hatsi, tsawo za a ƙara ko faɗi? Yawancin mutane suka ce tsawo. Malam ya yi dariya. Ya ce in an ninka tsawo, hatsi zai ninka sau biyu, amma in faɗi aka ninka, sau huɗu ne. Mazurari kuwa kashi ɗaya cikin uku yake ci na gwangwanin da suke daidai a baki da tsawo. A bar yaro ya gwada da yashi, ba zai manta ba.

Daga nan ya koma kan ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Masana sun zaɓe shi ne saboda cikin kwana goma ƙwai ya zama ƙuda. A shekarar 1910, wani masani a Amurka, Thomas Morgan, ya ga namiji ɗaya mai farin ido alhali sauran jajayen idanu gare su. Ya haɗa shi da mace mai jan ido, 'ya'yan suka fito da jan ido. A jikoki sai farin idon ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu, kuma duk maza. Dalili shi ne ƙwayar gadon tana kan wani zare da ake kira X. Mace biyu gare ta, ɗaya na rufe wa ɗaya asiri, namiji kuwa ɗaya tak. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1933.

Malam ya ce kada a raina wannan darasi. Ciwon sikila ma yana ɓoyewa a jikin iyaye, sai dai shi bai ware namiji da mace ba. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Don haka ya roƙi iyaye su kai 'ya'yansu gwajin jini kafin a sa ranar aure.