Su Wa Ke Cikin Katin Asibitinmu, Su Wa Ke Waje?



Kwamitin walwala ne ya ɗora mana nauyin wannan bayani, dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. A zangon karatun da ya gabata sau uku aka zagaya da takardar karo-karo a makarantun wannan reshe, duka ukun na rashin lafiya. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, malaman da aka tara wa kuɗin duk ana cire musu na taimakekeniyar lafiya daga albashi kowane wata, kuma katinsu yana aljihu. Da muka bi diddigi sai muka tarar mara lafiyar farko mahaifiyar malami ce, na biyu ɗa ne da ya haura shekara 18, ta uku kuwa amarya ce da ta tare bara. Babu ko ɗaya daga cikinsu da sunansa yake cikin katin, kuma malaman ba su san haka ba sai a bakin tagar biyan kuɗi, lokacin da hankali ya riga ya tashi.

Ƙa'idar da aka gina shirin ma'aikata a kanta, tun daga na tarayya, ita ce ma'aikaci, da matarsa ɗaya ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mutum shida ke nan. Kowa ya ƙirga bakunan da ake zuba wa tuwo a gidansa da daddare, ya ga ko shida ne. Akwai tsohuwa a ɗakin baya, akwai ɗan riƙo, akwai ƙanin maigida da ke karatu, akwai 'ya'ya na biyar da na shida. A ganinmu wanda ya tsara wannan ƙa'ida bai leƙa gidan Bahaushe ba, amma ƙorafi kan haka na wani zama ne. Yau maganarmu a kan waɗannan da suke waje take, yadda za mu zaɓa musu shiri na ƙashin kansu, da kuma wanda gwamnati ta ɗauki nauyin biya masa.

Tarihin abin a taƙaice. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, ta daɗe kuma ba ta wuce ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni ba. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, wadda ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, wato KSCHMA. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Najeriya. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa. Takardun karo-karonmu suna cikin wannan lissafi.

Wanda yake son shigar da wani nasa yana da hanyoyi. Zai iya ƙara shi a kan katinsa na aiki ya biya ƙarin kuɗi, mafi sauƙi ke nan ga mace ta biyu da yaran da suka ɗara huɗu. Zai iya yi masa rajista shi kaɗai a shirin jiha na waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ko a shirin tarayya mai suna GIFSHIP da aka fito da shi a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, inda ake biya shekara-shekara. Akwai kuma kamfanonin inshora masu zaman kansu. Nasu ya fi tsada, asibitocinsu sun fi sanyin iska da ƙarancin layi, sai dai kowane tsari nasu yana da iyakar kuɗin da zai kashe wa mutum a shekara, yana kuma da jerin cututtukan da ba ya ɗauka. Albashin malamin firamare mun san shi, ba sai an faɗa ba. Wanda duk da haka ya ga zai iya, to ya nemi wannan jeri a rubuce ya karanta kafin ya biya, domin mai tallar kaya ba ya fara bayani da aibinsu.

Ko wace hanya aka bi, a tambayi tsawon lokacin jira, domin ba ranar da aka biya ake fara cin moriya ba. Wannan shi ya sa yin rajista bayan ciwo ya kwantar da mutum bai da amfani ga wannan ciwon. A tambayi haihuwa da tiyatar ciro jariri. Idan tsoho ne ko tsohuwa, a tambayi maganin hawan jini da na ciwon sukari, tun da su ne ke cinye albashi a hankali, wata bayan wata. A kuma sani cewa a shirin tarayya na ma'aikata mara lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, saboda haka neman ɗan wannan kaso ba zamba ba ne.

Sai batun tallafi, inda ruɗani ya fi yawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, wajen naira biliyan 55. Yadda dokar ta raba shi tun asali, rabi yana bi ta hanyar inshora domin biya wa marasa ƙarfi, kashi 45 yana tafiya ga ƙananan asibitoci domin magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 kuwa na agajin gaggawa ne. Dokar 2022 ta ambaci masu rauni da sunansu: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da matalauta. To, ku duba. Mahaifiyar nan da muka tara wa kuɗi tana cikin rukunin tsofaffi. Da an nema mata gurbi tun tana tafiya da ƙafarta, wataƙila da nauyin bai kai haka ba.

Mun ce wataƙila, domin gurabun ƙididdigaggu ne, masu buƙata kuwa sun ninka su. Shiga rukuni ba shi ne samun kati ba, sai an je an yi rajista, galibi kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Abin da muke so ya zauna a zukata shi ne wannan kuɗi na doka ne, daga baitulmalin ƙasa. Ba kyautar wani mai neman ƙuri'a ba ce, ba a kuma sayar da gurbinsa. Duk wanda aka ce ya ba da na goro kafin a rubuta sunan tsohuwarsa, ya kawo maganar ofishin reshe. Haka nan mu ma mu ji tsoron Allah. Malamin da yake da albashi da kati kada ya cusa kansa cikin jerin matalauta alhali bazawarar da ke maƙwabtaka da shi tana layi.

Yanzu ga abin da ya keɓanta da mu mazauna wannan yanki na Kumbotso. Da yawanmu a cikin birni aka haife mu, tsadar haya da ƙuncin gidan gado suka turo mu Sheka da Ɗanbare da Fanshekara da Mariri, inda gonakin jiya suka zama unguwanni. Mun kwaso kaya, mun canja wa yara makaranta, amma sunanmu na nan a asibitin da muka zaɓa tun muna tsohuwar unguwa. Yadda tsarin yake, hukuma tana biyan asibitin da mutum ya zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai, ko ya je ko bai je ba. Ma'ana, kuɗinmu yana can, mu muna nan. Ran da zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar dare, ga ruwan sama, ga hanya ta yanke, ba wanda zai nemi Adaidaita Sahu zuwa cikin gari. Kemis ɗin bakin layi za a buga wa ƙofa, a biya daga aljihu, an yi biya biyu ke nan.

Kuma ba a tsallake ƙaramin asibiti a tafi babba kai tsaye. Asibitin da aka yi rajista a cikinsa shi ne zai rubuta takardar turawa zuwa irin su Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, a samo lambar amincewa, sannan shirin ya biya, in ba larurar gaggawa ba. Saboda haka zaɓen ƙaramin asibiti ya fi zaɓen sunan shiri muhimmanci. Mu je da ƙafarmu mu duba, ba da safe kawai ba. Suna kwana a buɗe? Akwai ungozoma da daddare? Akwai ɗakin gwajin jini? Idan an rubuta magani, a nan ake bayarwa ko waje ake turawa? Matan unguwa sun fi kowa sanin amsar waɗannan tambayoyi, a tambaye su. In an gamsu, sai a nemi takardar sauya asibiti a cike.

Akwai wani ƙulli da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Manufar asusun tallafin nan ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya mai cin moriyarsa a kowace mazaɓa. To, mazaɓunmu sun cika sun batse, rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a kuwa tun 2006, lokacin da wasu unguwannin namu ko suna ba su da shi. Mu da muke riƙe da rajistar aji mun fi kowa ganin yadda jama'a suka ƙaru, domin a gabanmu yara ke zama a ƙasa saboda rashin benci. Muna ba da shawarar reshe ya nemi wakilci a kwamitocin raya mazaɓu, inda ake tattauna al'amuran waɗannan asibitoci, ya je da alƙaluman makarantunmu a hannu.

Wasu daga cikinmu suna da ɗar-ɗar a kan kalmar inshora ta fuskar addini, kuma ba mu raina wannan damuwa ba. Mu dai fahimtarmu ita ce shirin jiha sunansa taimakekeniya, mai lafiya ya zuba, mara lafiya ya amfana, gobe a juya. Bai yi nisa da takardar da muke zagayawa da ita ba, illa dai shi ana tarawa kafin ciwo ya zo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa tambayar, tare da takardun shirin, domin a yi masa fatawa a kan abin da yake rubuce.

Sakatare zai aika da takarda kowace makaranta cikin makon nan. Kowa ya rubuta mutanen gidansa da shekarunsu, ya sa alama a kan waɗanda ba su cikin kati, ya kuma rubuta asibitin da sunansa yake da unguwar da yake zaune yanzu. Malamai mata da mazajensu ma ma'aikata ne su duba kada a rubuta yara huɗu iri ɗaya a katuna biyu alhali akwai na biyar a waje. Idan takardun sun dawo, kwamiti zai nemi jami'an hukumar su zo su yi rajista da sauyin asibiti a wuri ɗaya, ranar Asabar, don kada a bar aji babu malami.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.