Gyaran Kai a Sana'a: Abin Lura Cikin Rayuwar Alhasan Ɗantata



Bahaushe yana da wata kalma da yakan kashe bakin zance da ita in an tambaye shi dalilin ɗaukakar wani, watau "arziki". Wane ya yi arziki, shi ke nan. Maganar gaskiya ce, gama Allah shi ne mai bayarwa. Amma sau da yawa malalaci yakan fake da ita don kada a tambaye shi abin da ya ƙaru da shi cikin shekara goma da ya yi bisa kujera guda. Saboda haka ya kamata a ɗauki mutum ɗaya wanda kowa ya yarda ya yi arziki, a dubi abin da ya aikata da hannunsa.

An haifi Alhasan Ɗantata a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci ne gadonsu. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunanta ne laƙabinsa ya fito. Ya yi karatun allo, ya ga tashin hankalin Basasar Kano ta 1893 zuwa 1894, sa'an nan ya bi sawun iyaye ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja.

Wanda bai san fataucin goro ba yana iya zaton saye da sayarwa ne kurum. A'a, makaranta ce mai wuya. Ayari yakan yi watanni a hanya, daga zango zuwa zango, ƙarƙashin madugu, ana biyan fito ana tsoron 'yan fashi. Goro kuwa ɗan lele ne. Sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana kwance huhu lokaci lokaci a tsince wanda ya yi sankara, in ba haka ba ƙwaya ɗaya ta ɓata ƙwarya, ƙwarya ta ɓata huhu. Falken da ya ƙware a nan ya koyi lissafi, da haƙuri, da sanin halin mutane. To, ga inda abin lura yake. Mutum in ya sha wahala kafin ya iya wani abu, da ƙyar yake yarda ya sake shi. Ɗantata ya sake. Da ya ga jiragen ruwa na Turawa suna zirga-zirga tsakanin Ankara da Ikko, sai ya shiga aika goronsa ta teku, alhali da yawa cikin tsararrakinsa suna nan suna kora jakuna ta hanyar da kakanninsu suka bi.

Sakewa ta biyu ta fi ta fari girma. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu, amma manoma suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe sosai, sai suka nemi fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su zama masu saya musu. Ba Ɗantata ne ya fara ba, ya kamata a faɗi wannan. Daga baya ya shigo, amma bai daɗe ba ya wuce kowa. Dabararsa ita ce ya ɗauko tsarin ubangida da yaransa, wanda ya sani tun a ayari, ya ɗora shi bisa sabuwar hajja: ya ba yaro jari, yaro ya shiga ƙauye ya ba manomi, da kaka gyaɗa ta taru. Abin da ya riƙe wannan sarƙa shi ne amana, domin yaron da ya ci amana sau ɗaya ya rasa ubangida, ya kuma rasa suna a kasuwa. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfan da ya kai ajiya kayan raƙumi ashirin ne, kamar yadda labari ya shahara. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Ba a nufin wai tsarin nan ba shi da aibi. Kamfanoni ne ke yanka farashi, kuma manomin da ya ci bashi tun da damina ba shi da bakin yin ciniki da kaka. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, guminsa ne.

Duk da haka, ɗalibin da ke jiran takardar digiri, da ma'aikacin da ke ƙirga shekaru yana jiran ƙarin girma, suna da abin dubawa. Takardar shaida tana nuna abin da mutum ya sani ran da aka ba shi ita ne kawai. Akawun da ya ƙware da keken rubutu, ya ƙi kusantar kwamfuta don yana jin kunyar yaron ofis ya koya masa, ai shi ne falken da ya tsaya kan jaki jirgi yana wucewa. Akwai kuma kishiyarsa, wanda ya iya sabuwar na'ura amma ba a iya barinsa da makullin sito. Shi ma bai kai ba, don Ɗantata hajja da hanya ya riƙa sakewa, bai taɓa amanar da aka san shi da ita ba.

Ita kanta gyaɗar ba ta dawwama ba. Farin farkon shekarun 1970, da annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka janye hankalin hukuma daga gona, su suka share dalar daga Kano. Kafin nan 'ya'yansa, Sanusi da Aminu, sun riga sun bazu cikin sufuri da gine-gine da wasu harkoki. Aliko Ɗangote kuwa, wanda mahaifiyarsa 'yar Sanusi ce, da sayar da kayan masarufi ya fara a ƙarshen shekarun 1970, ya koma yin siminti da kansa, daga baya ya gina matatar mai a Legas, wadda aka ƙaddamar a 2023.