Jawabi Ga Iyayen Yara: Gani Ya Kori Ji

Jama'ar Dogo Nini,

Mun taru ne kan maganar fita da 'yan aji biyar ziyarar gani da ido. Wasunmu na cewa ɓata lokaci ne. To 'yan'uwa, yaron da ya je kara ran Laraba, ya ƙirga shanu, ya ji ciniki a bakin dillalai, ai lissafi ya zauna masa. Wanda kuwa ya shiga ɗakin tarihi na fadar Sarkin Fika, zai san mutanen da muke zaune cikinsu, ya girmama su. Allo kaɗai ba ya koyar da wannan.

Don Allah mu haɗa kuɗin mota, iyaye biyu su raka malamai. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.