Fuskar Wa Za Mu Ɗora a Bangon Mujalla?



Da muka ba ɗalibanmu na babbar sakandare aikin tsara bangon mujallar waƙa, kusan dukkansu hotunan mawaƙan Legas da Amurka suka kwaso daga waya. Muka ambaci Musa Ɗanƙwairo, makaɗin kotso ɗan ƙasar Bakura da ya rasu a 1991, sai aji ya yi tsit. Haka aka yi da Narambaɗa da Sa'idu Faru. Laifin namu ne, domin ba mu taɓa gabatar musu da su ba.

Bango fuska ɗaya yake ɗauka, kuma wanda aka ɗora shi mai karatu zai ɗauka ya isa. Saboda haka muke ba da shawara kowane rukuni ya nemi makaɗi ɗaya a cikin garin Bukkuyum, ko na noma ko na biki. Kada a tura yaro ƙauye a wannan hali na tsaro. Su gaishe shi, su nemi izinin ɗaukar hotonsa riƙe da kayan kiɗansa.

Sunan mujalla ya zauna a sama da manyan baƙaƙe, kanun labarai kada su wuce uku, launi biyu sun wadatar. A kula da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, kada "kiɗa" ya koma "kida". Inda babu kwamfuta, kwali da almakashi sun isa.

Idan an kammala, a kai wa makaɗin kwafinsa har gida.

Allah Ya yi mana jagora.