KASAFIN KUƊIN TARAYYA: INA RABON TALAKA, INA RABON MAZAUNIN SABO?

 

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawan unguwa, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, iyayenmu mata da matasanmu, muna yi maku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

A zamanmu na baya gardama ta kaure har aka kira Magariba ba a rabu ba. Wasu daga cikin matasanmu suka ce kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya yana amfanar talaka, sai dai talakan ne bai san hanyar da zai bi ba. Dattawa kuwa suka ce tun zamanin soja suke jin ana karanta biliyoyi a rediyo, yau an koma tiriliyoyi, amma ba su taɓa ganin kwabo ya shigo Sabo ba. Shi ya sa aka ɗora mana nauyin mu duba alƙaluman mu kawo wa jama'a bayani.

Bari mu fara da girman kuɗin, domin nan ne ake ruɗa mutane. Kasafin shekarar 2023, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, Naira tiriliyan 21.83 ne. Na 2025, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Fabrairu na shekarar, Naira tiriliyan 54.99 ne. Mai ji a rediyo zai ce an ninka kuɗin fiye da sau biyu. To amma na farkon an lissafa shi ne a kan Dala ɗaya Naira 435, na biyun kuwa a kan Naira 1,500. In aka mayar da su Dala, na 2023 ya kai wajen biliyan 50, na 2025 bai kai biliyan 37 ba. Duk wanda ya taɓa sayar da albasa ya san cewa yawan buhu ba shi ne yawan kaya ba, in an rage girman buhun.

Har ila yau, a cikin wannan tiriliyan 54.99 an ware sama da tiriliyan 14 don biyan bashi da ruwansa. Wato a kowace Naira huɗu, ɗaya ta riga ta tafi kafin a sayi allo ko allura. Sannan ga albashin ma'aikata da kuɗin tafiyar da ofisoshi. Abin da ya rage na manyan ayyuka shi ma ba duka ake sakinsa ba, domin kasafi alƙawari ne a takarda. Ayyukan kasafin 2024 sai da Majalisar Tarayya ta yi ta ƙara masu wa'adi har ƙarshen 2025. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alƙawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Nijeriya, mai masaukin baƙi, ta shafe shekaru tana kewayen kashi 5.

Yanzu mu ba matasanmu haƙƙinsu, don suna da hujja. Sun ce tallafin man fetur ya ci sama da Naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kuma mai motoci biyar da mai fasa-ƙwaurin mai zuwa ƙasashen maƙwabta sun fi ɗan acaba morarsa. Wannan gaskiya ne. Sun ce bayan janye tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata ya ƙaru sosai. Wannan ma haka ne. Sun kawo jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, da sabuwar gadar Neja da ke Onitsha. Sun kawo bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, da mafi ƙarancin albashi da aka ɗaga daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, da sabbin dokokin haraji na 2025 da suka yafe wa mai samun Naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara harajin albashi.

Amma ina tambaya, a cikin wannan ɗakin mutum nawa ne ke karɓar albashi? Mu masu dako ne, da mahauta, da masu shayi, da masu wankin takalmi, da dillalan shanu da na gwari. Ƙarin albashi bai zo aljihunmu ba, amma tsadar da ta biyo baya ta zo har cikin tukunya. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 a farkon 2023 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Tirelar da ke ɗauko tumatir daga Arewa gas take sha, wanda dama babu tallafi a kansa, amma faɗuwar Naira ta taɓa gas, ta taɓa taya da kayan gyara, ga masu tare hanya da rasit iri-iri tun daga Jebba har Bodija. Wahalar ta iso nan take, sauƙin kuwa aka ce mu jira ya biyo ta hannun gwamna da ciyaman.

To a nan ne maganar ta shafe mu fiye da sauran talakawa, kuma muna roƙon a saurara da kyau. Kuɗin da ke shiga Asusun Tarayya ana raba shi ne kamar haka: Gwamnatin Tarayya kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. Wajen raba wa jihohi nasu kuma, yawan jama'a yana cikin abubuwan da ake dubawa. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Duk wanda aka ƙidaya a nan, da kansa ake karɓo kuɗi a nan. Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan kuɗin kan dabba, muna biyan harajin VAT na kashi 7.5 duk lokacin da muka sayi katin waya ko siminti. Wajen tarawa babu mai ce mana baƙi.

Sai an zo rabon tallafin karatu na jiha, ko ɗaukar aiki, ko rangwamen kuɗin makaranta a jami'ar jiha, sannan a ce kawo takardar shaidar asali. An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Akwai yaran da kakanninsu a nan aka yanke masu cibi, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu, amma za a ce su tafi Kano ko Katsina su karɓo takarda, su je can mai unguwa ya ce bai san ubansu ba. Yaro ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Alhali sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ake yi wa. Bayarabe da Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano su ma abin da suke fama da shi ke nan, kuma in muna neman gyara a nan, dole mu nema masu a can.

Saboda haka amsarmu ga gardamar ita ce: dattawa sun fi kusa da gaskiya, amma ba su cinye duka ba. Abin da ya biyo ta hanyar da ba a tambayar asali yana iso mana. Allurar rigakafi ba a tambayar garin uban yaro. Makarantar firamare ta gwamnati, wadda dokar UBE ta 2004 ta ware wa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, a buɗe take ga 'ya'yanmu. Bashin NELFUND lambar NIN da BVN da ta JAMB ake nema, da shaidar makaranta. Wanda ya biyo ta hannun masu rubuta suna kuwa, a nan ake tsallake mu. Tallafin Naira 25,000 na wata uku da aka sanar a watan Oktoba 2023, daga rajistar marasa galihu aka ce za a ɗauko sunaye, kuma jihohi ne ke tattara wannan rajista unguwa-unguwa. A zaman da ya wuce mun tambaya wa ya samu, hannuwan da aka ɗaga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Mu ma da namu laifin, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Lokacin ƙidaya wasunmu mota suke hawa su tafi gida. Katin zaɓenmu yana Arewa, cikinmu yana Kudu. Kansilan da ya san ba mu da ƙuri'a a mazaɓarsa, don me zai sa magudanar ruwan layinmu a kasafi? A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an bi hukuncin ko an yi ta jan ƙafa, sakatariyar ƙaramar hukuma dai da ƙafa muke zuwa, ba sai mun je Abuja ba, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya tambayi inda kuɗin jama'a ya tafi.

Don haka kwamiti yana roƙon kowane maigida, kafin zama mai zuwa, ya kawo wa sakatare sunayen mutanen gidansa da ba su da NIN, da waɗanda ke son a dawo masu da katin zaɓe nan, da duk yaron da aka hana wani abu saboda takardar asali, tare da shekarar da abin ya faru. Iyayenmu mata da ba sa fita, za a tura mata biyu su bi su gida-gida. Muna kuma neman matasa uku masu Turanci da Yarabanci da za su riƙa halartar zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin jiha, ƙungiya za ta biya kuɗin motarsu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu. Wanda ke da tambaya ko gyara, ga fili.